Yadda Mato Ya Yaye 'Yar Wasu Mutane

A Zongon Lome, in kana son jin amsar tambayar da ba ka yi ba, nemi benci kusa da Mato ka zauna. Agogo da tabarau yake sayarwa a kasuwar Adawlato, amma wannan sana'ar hannu ce kawai, ta baki ita ce babba. Babu abin da Mato bai iya ba. In an yi zancen mota, ya taɓa jan tirela daga bakin teku har Wagadugu ba birki. In an yi zancen kifi, ya taɓa kamo wanda sai da masunta suka roƙe shi ya mayar, don ruwan teku ya ragu. In kuwa ciwo ka ambata a gabansa, to Allah ya kiyashe ka da maganin da zai haɗa maka. Mutanen unguwa sun daɗe da gane cewa musu da Mato ɓata yawu ne, sai su gyaɗa kai su ci gaba da kurɓar shayinsu.

Abu ɗaya ne tak Mato ba ya buɗe baki a kansa, wato 'yarsa Umaima. 'Yar fari ce, shi kuwa jikan mutanen nan ne da suka biyo hanyar goro daga Arewa, suka taho da alkunyarsu ƙulle a cikin kaya. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban jama'a, ba a ma nuna an san da zamansa. In aka tambayi Mato lafiyar yarinya, sai ya ɗaga kai yana neman hadari a sama, ya ce, "Waccan? Tana can wajen masu ita."

Wannan fa a waje ke nan. Da ya shiga gida ya tura ƙofa, labari ya sha bamban. Mato doki ne, Mato raƙumi ne, in an ga dama kuma Mato kwalekwale ne. Umaima ba ta cika shekara biyu ba, amma ta riga ta karɓe mulkin gidan. Ta zuba masa agogunan sayarwa a tukunyar miyar kuɓewa, ya tsamo su yana dariya, ya ce gwaji ta yi masa don a san masu shan ruwa. Ta cika masa takalmi da garin rogo, ta wanke masa waya a buta, ta cije shi a kunne yana cikin sujada. Duk ya ce da matarsa Ma'u alamun basira ne, shi ma haka ya yi yana ƙarami. Ma'u ta ce wannan kam ba ta musu.

Ana nan ana nan, sai ga Hajiya Ajaratu, mahaifiyar Ma'u, ta sauka daga garin Sokode da jakarta da carbinta. Ba wanda ya tambayi abin da ya kawo ta. Lokacin yaye ya yi, yaye kuwa a ɗakin kaka ake yin sa. Abin da ya tsorata Mato shi ne, yayen Hajiya ba shi da ranar dawowa. Ɗan yayar Ma'u da ta ɗauka da sunan 'yan kwanaki, da gashin baki ya dawo, yana gaida uwarsa a tsugune kamar baƙuwa. Mato ya hango gidansa shiru, babu mai hawan bayansa, babu mai yi masa ɓarna, sai ya ture kwanon tuwo gefe. Ga shi ba dama ya ce a bar masa 'yarsa. Wa ya taɓa jin uba ya riƙe 'yar fari a gaban suruka?

Sai ya yi abin da ya fi iyawa. Ya fita teburin shayin abokinsa Sabiru, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da tsakar gidan Mato, ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Ni abin da ke ba ni mamaki da mata, yaye ma sai an hau mota! Yaye fa! Ni da na yaye ɗan raƙumi a Agadas tsakanin hantsi da azahar, har uwar ta biyo ni tana godiya."

Sabiru yana ɗaga shayi sama yana sheƙawa a kofi, ya ce, "Da wane yare ta yi godiyar?"

"Da ido. Kai me ka sani ban da ruwan zafi? A ba ni waccan wuni guda, se fini, magana ta ƙare. Kafin magariba in aka nuna mata nono, kau da kai za ta yi ta ce a'uzubillahi."

"Kai da ko sunanta ba ka sani ba."

"Likita sunan ciwo yake nema, ba na majiyyaci ba."

Ashe Hajiya na zaune a gindin katangar nan tana jan carbi, ko kalma ɗaya ba ta zube mata ba. Ta aiki Ma'u ta kira shi. Mato ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, ya fuskanci bango. Ita ma ta kau da kai gefe, don kunyar suruki ba ta bar tsofaffi ba.

Ta ce, "Malam, na ji an ce Allah ya hore maka ilimin yaye. Ni tsohuwa ce, motar Sokode karya min baya take yi. Gobe daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yarinya tana hannunka, ba hannun uwarta a ciki. In rana ta faɗi ba ta sa nono a baki ba, in koma ni kaɗai. In kuwa ta sha, ko ɗigo ne, da ita zan tafi, kuma kada a tambaye ni ranar dawowa."

Mato ya ce da bango, "Hajiya, ai ni ba ruwana, ta tafi ko ta zauna duk ɗaya ne. Bayanki kawai nake tausayi."

"Allah ya saka wa mai tausayin bayana."

Gari na wayewa Mato ya nufi wajen mai magani, ya dawo da sassaƙen maɗaci da ganyen shuwaka da wani baƙin abu a kwalba, wanda mai maganin ya rantse ko kura ta lasa sai ta tofar. Ya daka, ya kwaɓa, ya miƙa wa Ma'u ya ce ta shafa.

Ta ce, "A jikin wa?"

"Naki mana."

"Ai ka ji Inna, ba hannuna a ciki. In shafawa ce, kai ma Allah bai hana ka ƙirji ba."

Ta shige ɗakin uwarta ta sa sakata. Mato ya ce ba komai, dabara ba ta ƙarewa. Ya ɗauko robar shan madara ya lafta mata kwaɓin a baki, wai in yarinya ta lasa za ta tsani duk wani abu mai kama da nono har tsufanta. Umaima ta karɓa ta lasa. Ta dubi uban. Ta sake lasa, ta lashe tas, ta miƙo masa robar ta ce, "Ƙali!" Ya ƙara mata. Kafin ya ankara ta tsoma hannu cikin kwanon tana suɗa.

"Macuci!" in ji Mato. "Zuma ya sayar min!"

Ya dangwalo da yatsu uku ya kai baki. Jama'a, bakin nan ya tashi ya koma wajen kunnen hagu ya yi zamansa. Ya sha ruwa, ruwan ya yi ɗaci. Ya watsa sukari, sukarin ya yi ɗaci. Salatin da ya yi ma da ɗaci ya fito. Umaima ta ɗauka sabon wasa ne, ta yi ta tafi tana tsalle. Can sai ta tuna da abin da ya dame ta, ta juya ta nufi ƙofar ɗakin kakarta tana buga ta da hannu biyu tana cewa, "Nono! Nono!"

Mato ya ga in ya zauna a gidan, tun kafin hantsi za a yi masa sakiyar da ba ruwa. Dole ya raba yarinya da ƙanshin uwarta. To amma ta yaya mutum mai mutunci zai ratsa Zongo riƙe da 'yar fari? Nan ma dabara ta zo. Ya ɗauko zanen Ma'u ya goya ta tamau, ya zumbula babbar rigarsa ta sallar idi a kai, ya kafa hula. Ya dubi inuwarsa a ƙasa ya ce ko aljani ba zai gane ba.

Bai yi nisa ba ya ci karo da tsohuwar da ke sayar da koko a bakin lungu. Ta saki ludayi a cikin tukunya.

"Innalillahi! Mato, yaushe doro ya fito maka? Jiya fa a miƙe na gan ka!"

"Iska ce ta shiga rigar, Iya."

"Bakin fa?"

"Ta nan ta fara bi."

Tsohuwa ta ce lallai iska ce, amma ba irin wadda yake nufi ba, ta hau tofa masa addu'a. Masu zemijan, 'yan acaɓan Lome, suka riƙa taka birki suna tambaya ko asibiti za a kai shi. Yara suka biyo shi a baya. Doro ya tashi daga dama ya koma hagu, jama'a suka ja da baya. Doro ya yi atishawa, wani dattijo ya ce masa yarhamukallahu kafin ya tuna da wa yake magana. Ana cikin haka sai ga wani ɗan ƙaramin hannu ya fito ta wuyan riga, ya lalubi hular Mato, ya cire ta, ya shige da ita ciki. Ai kuwa lungu ya watse. Wani mai faskare ya haye katanga yana karanta Ayatul Kursiyyu daga tsakiya.

Da ƙyar Mato ya kai teburin Sabiru, ya ɗosana a bakin benci. Sabiru ya dube shi ta gaba, ya zagaya ya dube shi ta baya.

"Shayi ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya."

"Doron ba ya sha?"

"Wane doro?"

Daga cikin riga aka ce, "Baba, nono!"

Sabiru ya ajiye kofi. "Ikon Allah. Na ga doro iri-iri a duniya, amma ban taɓa ganin mai kiran mutum Baba ba."

"Cikina ne ke kuka."

"Cikin naka ta baya aka ɗaura maka shi?"

Mato bai kula shi ba. Ya sa aka soya masa ƙwai da burodi, yana gutsura yana kaiwa ta bayan wuya kamar mai susa. Abin da ya shiga ta wuya sai ya fito ta hannun riga. Ya aika aka sayo koliko, soyayyar doyar nan mai yaji a gefe, ta bi hanya ɗaya. Aka kawo ƙosai, aka kawo ayaba, aka kawo kindirmo mai sanyi na leda, wannan kam a tsakiyar bayansa aka matse shi. Kaji suka taru a ƙarƙashin benci, wata akuya ta zo ta tsaya tana jiran rabonta. Mato yana ta yi wa mutanen teburi bayani da karkataccen baki, cewa yaye ilimi ne, mataki-mataki ake binsa, kuma duk abin da suke gani yana cikin tsari.

Sai ya ji wani ɗumi ya taso daga tsakanin kafaɗunsa, ya bi gadon baya sannu a hankali, ya gangara ta wando, bai tsaya ba sai cikin takalmi.

Sabiru ya leƙa ƙarƙashin benci ya ce, "Mato, doron naka ya fashe."

Daidai nan aka kira azahar. Mato dai duk surutunsa ba ya wasa da jam'i, kuma ba a salla da najasa. Ya zagaya bayan masallaci inda famfo yake, wajen da ake ɗaure ragon Liman. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa. Ya tuɓe riga, ya sauke Umaima, ya ɗaura mata bakin zane a ƙugu, ɗaya bakin kuma ya ƙulla a turken ragon, irin ƙullin da ya ce da shi ake ɗaure jiragen ruwa. Ya sumbace ta a goshi tunda ba mai gani, ya ce ta zauna nan yanzu zai dawo. Ya ɗauraye jiki da tufafi, ya mayar da su jiƙe sharkaf, ya bi sahu.

Liman na sallamewa Mato ya yi waje, ko addu'a bai tsaya ba. Ya tarar ƙullinsa na nan daram a jikin turke, wannan kam ba a ci amanarsa ba. Ɗaya bakin zanen ne ke cikin bakin rago, yana tauna a natse. Ga ɗan takalmi ƙwaya ɗaya a ƙasa. Umaima babu ita babu dalilinta.

Mato ya zabura. Ya cafki ƙahon rago ya ce, "Ina take? Buɗe bakin in gani!" Ya durƙusa yana leƙen maƙogwaron dabba. Rago ya ja da baya kamar mai neman afuwa, ya dawo ya sakar masa karo ɗaya, sai ga Mato zaune a kwatar ruwan alwala.

Salifou ladan ya fito ya same shi a haka. "Mato, lafiya kake kokawa da ragon Liman?"

"Wata aba na ajiye a nan."

"Wace irin aba?"

"Gajeruwa haka. Tana tafiya tana rangaji. Ba ta jin magana."

"Agwagwa?"

"Tana da haƙora."

"Akuya ke nan."

"Mutum ce, Salifou! 'Yar mutum!"

"Subhanallahi! Yarinya ta ɓata kana yi min kacici-kacici? Taso mu yi cigiya a lasifika. Mene ne sunanta?"

Mato ya waiga. Masallata sun fito sun kewaye shi, ga dattawan Zongo, ga abokan marigayi babansa da sandunansu. Sunan ya zo masa har kan harshe, ya tsaya cak.

"Ba a faɗa."

"To, 'yar wa ce?"

"'Yar wasu mutane."

Salifou mutum ne mai riƙon amana, abin da aka ba shi shi yake isarwa, ba ragi ba ƙari. Ya hura lasifika ya ce, "Jama'ar Zongo, salamu alaikum. Cigiya! An ɓatar da 'yar wasu mutane, sunanta ba a faɗa. Gajeruwa ce, tana da haƙora, ba ta jin magana. Wanda ya gani don Allah ya kawo wa Mato a ƙofar masallaci." Ya maimaita da Faransanci, ya maimaita da yaren Mina, don kada a bar kowa a baya.

To, ku gaya min, a duk faɗin Zongo wane yaro ne ba gajere ba, mai haƙora, marar jin magana? Mutanen unguwa kuwa akwai son lada. Nan da nan aka fara kawowa. Wani ya kawo wadda ya tsinta tana wasa a bakin kwata. Wani mai zemijan ya kawo biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wani ya kawo namiji, ya ce a duba dai, ba a sani ba. Wani ya sure yarinya a ƙofar gidansu uwarta na juya tuwo. Wani bawan Allah ma wata gajeruwar tsohuwa ya jawo, tana zaginsa tana cewa sai ta ga wanda ya aiko shi. Kafin a ce kwabo ƙofar masallaci ta koma gidan raino. Wannan na kuka, wannan na cin ƙasa, wannan ya haye wuyan Mato yana jan gemunsa.

Mato yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi fuska ya ajiye. Babu ita. A nan ne fa wasa ya ƙare masa. Ya tuna babban titi da manyan motocin da ke wucewa ba sa ganin ƙasa, ya tuna rijiyar gidan maƙeri da ba ta da murfi. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ba da labarinsa a teburin shayi ba. Ya ce a ransa Hajiya ta tafi da ita Sokode, ta wuce da ita Birnin Sin in tana so, in dai za a gan ta da rai.

Bai gama wannan tunani ba sai ga iyayen yara sun ɓullo ta kowane lungu, da muciya da ludayi da maburgi. "Ɓarawon yara!" Aka zage shi da Hausa, aka zage shi da Zabarmanci, aka zage shi da Kotokoli, wata ta zage shi da yaren da ko Salifou bai iya fassarawa ba. Kowace ta fizgi nata, wasu suka fizgi na wasu, aka koma sabon rikici. A tsakiyar wannan hargitsi Ma'u ta ratso jama'a, mayafi a hannu, Hajiya na biye da ita.

"Ina 'yata?"

Mato ya buɗe baki. Tun da aka haife shi, ranar ce ta farko da ya buɗe shi bai sami abin zubawa ba.

Sai aka ji ihu daga gidan Sabiru, can bayan masallaci. Jama'a suka kwasa gaba ɗaya. Aka tarar da Kulsum matar Sabiru, makitsiya mai goyon tagwaye, zaune a kan kujera ta sandare, hannuwa a sama, babban mayafinta ya rufe ta har ƙasa. Wadda ake yi wa kitson ta riga ta gudu da rabin kai.

Kulsum ta ce, "Ina cikin kitso na ji an ɗaga mayafi an kama, na ce Hasan ne. Aka saki aka koma ɗaya gefen, na ce Husaini ne. Ɗaga kan da zan yi, sai ga Hasan ga Husaini can gindin murhu suna cin toka. To jama'a, don girman Allah, wane ne a nan ƙasa?"

Ba wanda ya matsa. Kowa ya ji labarin doron da ya yi yawo a unguwa da safe yana satar huluna. Sai da aka kira Liman. Ya yi bisimilla, ya sa bakin sandarsa ya ɗaga gefen mayafi.

Ga Umaima zaune daram, takalmi ƙafa ɗaya, ciki ya yi tim, nono na gangarowa ta gefen baki. Ta dubi taron nan, ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta yi dariya.

Mato ya ratso jama'a. Ya yunƙura zai ɗauke ta, ya tuna da idon jama'a, ya ɗaga kai ya hau neman hadari.

Liman ya gyara rawani ya tambayi Ma'u, "Ta cika shekara biyu?"

"Da saura, Malam."

"To, ta sha kuma ta ƙoshi, kowa shaida ne. Daga yau Kulsum uwarta ce ta shayarwa. Tagwayen nan 'yan'uwanta ne, babu aure tsakaninsu har abada. Sabiru kuwa ubanta ne."

Hajiya Ajaratu ta ja carbi ɗaya ta ce, "Masha Allahu. Da safe uwa ɗaya za a raba ta da ita, yanzu sun zama biyu. Malam mai ilimin yaye, in aka bar maka ita zuwa magariba, ina jin sai mun bi matan Zongo gida-gida muna yaye ta."

Sabiru kuwa abin nema ya samu. Ya goge hannu a riga, ya sunkuya ya ɗauki yarinya ya ɗaga ta sama. "Alhamdu lillahi! Da ma maza ne gare ni, ina ta roƙon Allah mace. Tunda 'yar wasu mutane ce, kuma an yi cigiya ba su fito ba, ni na samu. Umaimata! Zo wajen Babanki, yau a gidan nan za ki kwana."

Umaima ta kama kunnuwan Sabiru tana ƙyalƙyala dariya, ta ce, "Baba!"

Wannan kalma ita ta tsinke igiyar da ta riƙe Mato tun ranar suna.

"Sauke ta!" Muryarsa ta fi lasifikar Salifou. "Sauke min 'yata! 'Yata ce! Umaima 'yata ce, ni na haife ta! Ni ne dokinta! Ni take hawa kullum da safe, ku dubi gwiwoyina duk sun yi kanta! Wane ne Babanta in ba ni ba? Umaima! Umaima!"

Ya fizge ta ya rungume, ya fashe da kuka wiwi, da majina da komai, a gaban Liman, a gaban abokan babansa, a gaban surukarsa.  Dattawa suka sunkuyar da kai suna zanen ƙasa da sanda. Tsohuwa mai koko ta toshe kunnuwa ta ce, "Wayyo, ya faɗi sunan! Har sau nawa!" Sai Sabiru ya ce a hankali, "Ashe doron yana da suna." Dariya ta ɓarke, har matan da suka zo da muciya suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi surukinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Alkawari kaya ne. Ma'u, je ki haɗa mata tufafinta."

Ranar tafiya Mato ya ce shi jaka kawai zai kai tasha, yana da abin yi a Adawlato. A tasha ya ce bari ya shiga ya duba ko kujerar Hajiya tana da ƙusa. Ya zauna don ya gwada taga. Ya karɓi Umaima a cinya don Hajiya ta gyara zama. Direba ya tayar da mota, Mato yana yi masa bayanin yadda ake canja giya a hawan dutse. Ma'u ta tsaya tana ɗaga hannu har mota ta ɓace, ta dawo gida ita kaɗai, ba 'ya ba miji.

Ba a rufa mako ba wayarta ta yi ƙara. Hajiya ce, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ma'u, yarinya ta yaye. Tuwo take ci da hannu biyu, ko cigiyarki ba ta yi. Uban ne ya gagare ni. Na sallame shi da safe, na sallame shi da rana, na sa an raka shi tasha an ga shigarsa mota, na dawo na tarar ya riga ni isowa gida. In yarinya ta shiga ɗaki sai ya zauna a bakin ƙofa yana share ido. Ya gyara min rediyo, yanzu ba ta magana. Ya ba akuyata magani, tun jiya da baya take tafiya. Ya tara min mazan unguwa a zaure yana koya musu noman doya, mutanen da a cikin doya aka haife su. Ni dai na yaye 'ya'ya, na yaye jikoki, amma ban taɓa yaye mai gemu ba, kuma ba da tsufana zan fara ba. Gobe zan sa su a mota su biyu. Ki riƙe kayanki, na yafe."

Ma'u ta zauna a bakin gado, dariya da hawaye suka zo mata tare. Kafin Hajiya ta kashe wayar, ta jiyo muryar mijinta can daga zaure, a sake, cike da jin daɗi, yana gaya wa mutanen Sokode cewa ai shi tun farko haka ya tsara.